Ɗana ya ƙi komawa makaranta, ni kuma na rasa ta inda zan ɓullo masa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malama.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya tare da iyali da abokan aiki, ina roƙon a karanta wannan wasiƙa ba tare da ambaton sunana ko unguwarmu ba. Na daɗe ina sauraron shirinki, amma ban taɓa zaton wata rana ni ma zan ɗauki biro in rubuto miki ba. Kunya ce ta sa na yi ta jinkiri, har na ga cewa barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ni matar aure ce a Kano, ina da 'ya'ya huɗu, ina kuma sana'ar ɗinki a gida. Maganar a kan babbansu ce, wanda ba zan kama sunansa ba ko da an ba ni dama, domin ɗan fari ne. Shekarunsa 12, ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi ta jeka-ka-dawo a watan Satumban 2024, kuma yau mako bakwai ke nan bai taka ƙofarta ba. Tun yana ƙarami yana da in'ina, wadda ba ta taɓa zama matsala a firamare ba, saboda makarantar a bayan gidanmu take, kuma yaran da ya tashi da su sun saba da maganarsa, sukan jira shi har ya ƙarasa. Yaro ne mai ƙoƙari, musamman a lissafi, kuma bai taɓa wuce na biyar a aji ba.

Abin ya fara ne a zango na biyu, bayan an koma a watan Janairu. Kowace Lahadi da daddare sai ya fara cewa cikinsa yana murɗa masa, da asubahin Litinin kuma ya yi amai tun kafin ya sa komai a baki, tafukan hannunsa su jiƙe da gumi ko da ana sanyi. Da farko na karɓo masa magani a kemis, sannan muka je asibiti aka yi gwajin maleriya da na taifot, aka ce babu komai, daga baya aka sa shi a kan maganin gyambon ciki na mako biyu, shi ma bai canza komai ba. Abin da ya sa muka fara zarginsa shi ne, da zarar ƙarfe tara ta yi, ya tabbatar an bar shi a gida, sai ciwon ya lafa, ya ci abinci, har ya taya ni guga. Ranar Asabar kuwa lafiyarsa ƙalau. Mahaifinsa ya yanke hukuncin cewa lalaci ne da ƙarya, ni ma, Allah Ya yafe mini, na yarda da shi. Sau biyu ya zane shi da bulala, sau ɗaya kuma ya ɗora shi a babur ya kai shi har bakin ƙofar makaranta, yaron ya ƙanƙame shi yana kuka a gaban jama'a, sai da maigadi ya ɓamɓare hannunsa. Ni da kaina na taɓa marinsa wata safiya da ya ɓuya a bayan tankin ruwa. Wannan marin shi ne abin da ya fi hana ni barci yanzu.

Da gwamnati ta ba da hutun makarantu saboda azumin Ramadan a watan Maris, yaron nan ya warware sarai. Ya yi azuminsa, bai fasa zuwa Islamiyya da tarawih ba, har ya ɗan yi ƙiba. Ana saura kwana uku a koma a watan Afrilu, komai ya dawo sabo, har da fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana shekara huɗu. Ya yi kwana shida yana zuwa da ƙyar, daga nan ya kafe.

Ba ni ya gaya wa gaskiyar magana ba, ƙanwata ya gaya wa, ranar da ta zo ta tafi da shi gidanta ya kwana biyu. Ashe tun zangon farko wani malami ya tashe shi ya karanta wani shafi na Turanci a gaban aji, harshensa ya maƙale a kalma ɗaya, ajin ya fashe da dariya, malamin ya ce ya zauna kada ya ɓata wa mutane lokaci. Daga ranar aka laƙaba masa wannan kalmar a matsayin suna, ana maimaita ta yadda ya yi ta maimaitawa. Labarin ya kai ga wasu 'yan aji uku, su uku, suka mai da shi abin wasansu. Kullum aka fita tara sai su karɓe naira 300 ɗin da nake ba shi, su tsare shi su ce sai ya faɗi sunansa da na mahaifinsa ba tare da tuntuɓen harshe ba kafin ya wuce, idan ya kasa su ranƙwashe shi. Wata rana suka kulle shi a banɗaki ta waje har aka koma aji, wata ranar kuma suka hana shi shiga har fitsari ya kufce masa a wando, ya ɗaura rigar sanyinsa a ƙugu ya zauna haka har aka tashi. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ya daina shan shayi da ruwa da safe, abin da na ɗauka tsirfa ce kawai. Kuma ɗaya daga cikin yaran nan uku a Adaidaita Sahu ɗaya ake kai su ake dawo da su, wato azabar tana farawa ne tun daga bakin layinmu.

Malama, na tambayi ƙanwata me ya hana shi gaya mini, ta ce ya ce yana jin nauyina, kuma yana ganin ba zan saurare shi ba. Ban ga laifinsa ba. An tarbiyyantar da ni a kan yi wa ɗan fari alkunya, ban taɓa kiran sunansa ba, ba na jawo shi jikina a gaban mutane, ƙannensa kuwa har kan cinyata suke hawa su ba ni labarin makaranta. Ban raina al'adarmu ba, na san kara ce da mutunci, amma yau ina tambayar kaina ko ita ce ta sa ɗana ya yi wata shida yana haɗiyar baƙin ciki a gida ɗaya da ni ban sani ba.

Mun je makarantar ni da mahaifinsa. A zuwan farko shugaban ya ce wasan yara ne, harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma namiji sai da juriya. Da muka koma muka nuna ɓacin rai, sai aka fito da yaran uku a taron safe aka yi musu bulala, aka kuma kira sunan ɗana a gaban duk makaranta a matsayin wanda ya kawo ƙara. Ban san ko da kyakkyawar niyya aka yi ba, amma sakamakonsa shi ne 'yan ajinsu suka daina yi masa magana, ana kiransa munafuki, aka kuma aiko masa da saƙo cewa za a haɗu a waje. Washegari ita ce ranar ƙarshe da ya je. Na tuna bidiyon nan da ya bazu a watan Afrilun 2024, na wata ɗaliba a Abuja da ake ta sharara wa mari, yadda duk ƙasa ta ɗauka har hukumomi suka shiga maganar. A lokacin na yi Allah wadai na wuce, ban san nawa yana tafe ba, kuma shi ba wanda ya ɗauke shi a waya balle a yarda da shi.

Yanzu gidanmu ya rabu uku a kan yaron nan. Mahaifinsa, duk da ya yi nadamar dukan, yana nan a kan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, idan aka bar shi ya gudu daga wannan, haka zai yi ta gudu har girmansa, kuma kuɗin zangon da ya biya da kyar a wannan tsadar rayuwa sun tafi a banza. Kakarsa ta wajen uba, wadda take ji da shi kamar me, ta ce kambun baka ne saboda ƙoƙarinsa, an karɓo rubutu, an yi masa ruƙiyya, ni ma ina yi masa tofi safe da yamma, kuma ban ga aibin addu'a ba. Sai dai ni na ji abin da aka yi masa, na san fargabar tana da tushe. Abin da ya ƙara tabbatar mini shi ne har gobe yana zuwa Islamiyya da yamma da ƙafarsa, daga Asabar zuwa Laraba, ba a taɓa tura shi ba, kuma idan yana karatun Alƙur'ani da ƙira'a in'inar ba ta kama shi ko kaɗan. Yaron da ya tsani karatu ba zai yi haka ba.

Wata likita da ta duba shi a ƙarshe ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da ya ɗan buɗe mini ido. Ta ce akwai bambanci tsakanin yaro mai fashin makaranta, wanda yake fita da safe ya tafi yawo ya ɓoye wa iyayensa, da wanda fargaba ta hana shi fita daga gida iyayensa suna gani. Ta ce ciwon cikin da aman ba ƙirƙira ba ne, jiki ne yake amsa tsoro, shi ya sa suke lafawa da zarar abin tsoron ya kau. Amma ta ƙara da maganar da ta jefa ni cikin ruɗani, cewa duk ranar da ya ƙara a gida komawar tana ƙara yi masa nauyi, domin sauƙin da yake ji idan an bar shi shi ne yake ciyar da tsoron. Ta ba da shawarar mu ga likitan da ya ƙware a kan damuwar yara. Da na faɗa wa mahaifinsa, sai ya ce shi ɗansa ba mahaukaci ba ne da za a kai shi Dawanau, kuma idan maganar ta fita, har ranar neman aurensa sai an tuna masa. Na yi ƙoƙarin nuna masa cewa akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda mutum zai shiga kamar kowane marar lafiya, amma bai sauko ba tukuna.

Ga ni nan, gaba kura baya sayaki. Idan na matsa masa ya koma, ina jin tsoron in zama ta huɗu a cikin masu cin zalinsa, idan kuma na bar shi, ina ganinsa kullum yana ƙara shigewa ɗaki. Ya daina fita ƙwallo a layi don kada ya haɗu da 'yan makarantarsu, in'inar ta ƙaru har a gida, kuma makon jiya na ji yana gaya wa ƙanensa cewa da ma ba a haife shi ba kowa ya huta. Tun daga daren ba na barinsa ya kwana shi kaɗai. Jarrabawar ƙarshen shekara tana tafe a watan Yuli, ya riga ya rasa gwaje-gwajen zangon, kuma na san dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya kammala shekara tara na farko na karatun boko, ban da hakkin da Allah Ya ɗora mana tun kafin doka.

Shawarar da nake nema, Malama, ita ce ko ya dace mu canza masa makaranta a watan Satumba, ko kuwa tsoron zai bi shi can tunda in'inar tana tare da shi duk inda ya je. Idan kuma komawa tsohuwar ce ta fi, ina so in san abin da ya kamata mu nema daga hukumar makarantar kafin ya koma, da yadda za a yi komawar a hankali, domin na yi tunanin ko a fara da zuwa darasin lissafi kaɗai, ko a haɗa shi da malami ɗaya da zai riƙa fakewa wurinsa lokacin tara, amma ban san ko makarantu suna yarda da irin wannan ba. Ina kuma roƙon ki yi magana a kan zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ta yadda maza za su fahimta, saboda mahaifinsa yana sauraron shirinki a shago, kuma zai fi karɓar maganar daga bakinki fiye da nawa. Haka nan ina so in san ko akwai masu gyaran magana da ake kai yara masu in'ina a wannan shekarun, ko mun makara.

Tambayar da ta fi ci mini rai kuwa ta tsakanina da shi ce. Ban taɓa ba shi haƙuri a kan marin nan ba, ban ma san yadda uwa take ba ɗan farinta haƙuri ba. Jiya da daddare na zauna a bakin katifarsa da niyyar yin magana, ya ɗago ya dube ni, sai na tambaye shi ko ya yi sallar isha'i na tashi na fita. Ki taimaka ki gaya mini da wace kalma zan fara.

Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara wa shirin albarka.

Wassalam,
Wata uwa daga Kano.