Wasiƙa ga 'yata a kan takardun masanin tsirrai

Assalamu alaikum Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na ji an danƙa miki akwatunan takardun marigayi masanin tsirran da ya yi aiki a gandun itatuwan jami'arku, ki tsara su. Kafin ki motsa ko takarda guda, ki fara neman lambobi.

Mai tattara tsirrai yakan ba kowane tsiro lamba a littafinsa na daji, ya rubuta rana, wuri, irin ƙasar da launin fure. Lambar nan ce a kan busasshen samfurin da aka manna a takarda, ita ce kuma a kan ambulan iri. In iri ya iso gandu sai a ba shi wata lambar a rajistar shigowa, wadda ake bugawa a ɗan ƙarfen da ke rataye jikin bishiya. Babban aikinki ki haɗa waɗannan lambobi biyu a jadawali ɗaya. Gandun Arnold na Jami'ar Harvard a Boston, wanda aka kafa a 1872, da wannan ya yi suna. Mai tattara tsirrai Ernest Wilson ya tafi Sin da sunan gandun a 1907, ya rasu a 1930, amma har yau ana bin bishiyoyinsa daga ƙarfen jikinsu zuwa wurin da ya tsinko irin. Bishiyar da lambarta ta ɓata inuwa kaɗai ta rage mata, mai bincike ba ya iya kafa hujja da ita.

Ki bar takardun yadda mai su ya jera su. Wasiƙar da ya soke cikin littafi, da dalili ya soke ta a nan. Kada kuma ki gyara masa sunan tsiro. Za ki ga ya kira gawo Acacia albida, kaɗanya Butyrospermum parkii, alhali yanzu Faidherbia albida da Vitellaria paradoxa ake cewa. Sabon sunan ya shiga jadawalinki, nasa ya zauna yadda yake.

Fensir kaɗai za ki riƙe. Ki cire allurai da kilif, don tsatsa na cin takarda. Salatif kuwa ko kusa, gam ɗinsa na ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. Akwatuna su hau kanta, nesa da bango da ƙasa saboda gara, laimar ɗaki kada ta wuce kashi 50 cikin 100, musamman da damina.

Hotunan gilashi, wato tsofaffin hotunan da aka ɗauka a kan farantin gilashi, a tsaye ake ajiye su, kowanne da ambulansa. In kin ɗora su kan juna nauyi zai fasa na ƙasa. Tsohon fim mai tsamin wari ya fara ruɓewa, ki ware shi nan take. Busassun samfura ki ɗaure a leda, su yi mako guda a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili don kashe ƙwari, kuma kada ki kwance ledar sai sanyin ya sake su, in ba haka ba raɓa ta jiƙa su. Ki sa safar hannu, domin da yawa daga tsofaffin an shafa musu gubar makuri, wato mercury.

Mamanki na gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Babanki