Zaren ya fito

Samaru, Zariya

Aminina,

Assalamu alaikum. Ka yafe mini shirun nan. Ya sanyin garinku? Inna na gaishe ka, ta ce har yau ba ta ga hoton amarya ba, ko rowarta kake mana?

Albishirinka! Jiya bayan la'asar zare ya fito, wato zaren ƙananan bututun kabon (carbon nanotubes) da nake tsirarwa a ɗakin gwaji, bayan wata bakwai ina fama. Aikin dai ka san shi: a shafa baƙin ƙarfe ɗan siriri a farantin silikon, a sa a tanderu har zafi ya kai digiri 750, a tura iskar asitilin. Zafin ya mai da ƙarfen ƙananan ƙwayoyi, su riƙa cin kabon da ke cikin iskar suna fitar da bututu, kowanne ya fi gashin kai siranta sau dubbai, su tsiro a tsaye cunkus kamar gero ya yi kyau. Abin da ya wahalar da ni, ƙwayar ba ta daɗewa: ko kunkunniya ta lulluɓe ta, ko ƙanana su dunƙule su zama manya, sai tsiro ya tsaya cak. Saka ɗan tururin ruwa a cikin iskar, dabarar da Japanawa suka fitar a 2004, shi ya fisshe ni. Na sa hantsaki na ja gefen tsiron, sai ga zare yana biyo ni, baƙi, shara-shara kamar yanar gizo. Wallahi hannuna rawa yake.

Goggo ce ta faɗo mini a rai, da mazarinta da allinta a zaure. Ita ke cewa auduga mai gajeren gashi ba ta arafiya, sai dai abawa. To haka nan ma. Bututu guda ya fi ƙarfe ƙarfi nesa ba kusa ba, amma in gajeru ne sai su zame wa juna, zaren ya tsinke. Mutanen jami'ar Tsinghua ta Sin, da suka ja irin zaren nan tun 2002, sun tsirar da bututu guda mai tsawon santimita 55 a 2013. Nawa bututun bai kai milimita ɗaya ba tukuna, amma ya kaɗu.

Af, mai shayinmu ya aurar da babbar 'yarsa, mun sha biki a Tudun Wada, ya ce har yanzu yana bin ka kuɗin ƙwai uku.

Wuta ce ke hana ni barci yanzu. In aka ɗauke ana tsakiyar tsiro, farantin ya tashi aiki. Na ajiye guntun zaren a kwalba. In na samu mai zuwa wajenku, za ka ja mini shi a na'urarku mu ga nauyin da zai ɗauka?

Naka har kullum.