Sanarwa: kallon rugby na mata ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗu inda muka saba a nan Garwa, mu kalli bidiyon rugby na mata ƴan bakwai-bakwai na Wasannin Afirka da aka yi a Accra a watan Maris 2024, inda matan Yuganda suka ɗauki zinare.

Wasan gajere ne, minti bakwai a huta, a ƙara bakwai. Amma mutum bakwai ne a kowane ɓangare, a babban filin da ƴan sha biyar-sha biyar ke wasa, shi ya sa ake gudu ba kama hannun yaro. Ku lura da yadda suke miƙa ƙwallo baya, ba a jefa ta gaba da hannu. Nan yaranmu ke yawan kuskure wajen atisaye.

Iyaye, don Allah ku zo da ƴan matanku. Mai lasifika ta taho mana da ita.