Wasiƙa zuwa Damagaram a kan tsohon babur ɗin ruwa

Daga jihar Kebek, ƙasar Kanada

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da yaran gareji baki ɗaya. Ina roƙonka ka karanta wa Baba da Inna ita idan ka shiga Birni, domin na ji labari ya kai musu cewa na sayi jirgin ruwa, har Inna tana tambaya ko na ajiye aikina ne na koma kamun kifi. Ka kwantar musu da hankali, aikina yana nan, kuma kuɗin da na saka a wannan abu bai taɓa abin da nake aikowa gida ba.

Abin da kuka gani a hoton da na aiko babur ne na kan ruwa, tsawonsa bai kai mita uku ba, mutum biyu yake ɗauka. Ba shi da farfela a waje. Famfo ne a cikinsa yake zuƙo ruwa ta ƙasa ya feso shi ta baya da ƙarfi, da wannan feshin yake tafiya, da shi kuma ake juya shi. Sunansa Sea-Doo, ƙirar XP ta shekarar 1996, launinsa ruwan ɗorawa. Kamfanin Bombardier ne ya yi shi, wanda a lokacin cibiyarsa ta irin waɗannan kaya take a garin Valcourt, ba nisa da inda nake zaune. Sun fara fitar da Sea-Doo a 1968, suka dakata, sannan suka dawo da shi a 1988. Injinsa kuwa Rotax ne na ƙasar Ostiriya, irin wanda yake ƙona fetur tare da man inji. Saboda a nan aka haife shi, tsofaffinsa suna da yawa a bayan gidajen mutane, kuma idan sanyi ya gabato, wanda ba shi da wurin ajiya yakan sayar da arha. Sai da makaniki ya gwada mini injin ya tabbatar yana da lafiya kafin na biya. Fuskarsa ce kawai ta tsufa, ita nake gyarawa a garejin gidan da nake haya, da niyyar in sayar idan zafi ya dawo.

Na ji shawararka da ka ce in kankare shi in fesa masa sabon fenti a wuce wurin. Da tankin babur ne ko ƙofar mota, da ban ƙara magana a kan taka ba, domin kai ne malamin wannan fanni. Sai dai jikin wannan abu ba ƙarfe ba ne, kuma launin da yake kansa ba fenti ba ne. Ana yin jikin ne da zaren gilashi da aka jiƙa da wani danƙo mai daskarewa, cikin maƙera mai siffar babur ɗin. Kafin a shimfiɗa zaren, sai a fara fesa wa cikin maƙerar wani danƙo mai launi da ake kira jelkot, saboda haka idan aka ciro jikin, launin ya riga ya zama fatarsa. Kaurin wannan fata kamar rabin milimita ne, ya ninka na fentin mota sau da yawa. Rana ce take cinye samanta a hankali har ta yi fari-fari, idan ka shafa hannu sai ka ga gari kamar na alli a tafinka. Amma abin da ya mutu ɗin ɗan sama-sama ne kawai, launin asali yana nan kwance a ƙasa. Gwajin ba wuya: a zuba ruwa a wurin da ya koɗe, in launin ya dawo da kyau muddin wurin yana jiƙe, to guga za ta fito da shi. Nawa ya dawo. Shi ya sa nake ganin asara ce a rufe shi da fenti, wanda yashin bakin tafki da gogar ƙafa za su fara ɓarewa tun a shekarar farko. Sai dai ba kowane ne haka ba. Da yawa daga cikin na Yamaha da Kawasaki an yi jikinsu da wani haɗi da ake matsewa a inji, kuma fenti ne a kansu, su kam shawararka ce daidai. Ana ganewa idan aka leƙa ciki: irin nawa cikinsa da kaushi, ana ganin zaren, wancan kuwa sumul yake ciki da waje.

Na fara da wanki da sabulu mai cire maiƙo, sannan na kwance duk abin da yake kwantuwa, wato kujera da murfin gaba da robobin gefe, na zuba kusoshin kowane sashe a ledarsa da rubutu a kai. Daga nan sai tsofaffin sitika. Ana hura musu iska mai zafi kaɗan-kaɗan har gam ɗin ya saki, a ɗaga da makankarar roba, ba ta ƙarfe ba. Bayan sun fita sai na ga abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa: duk inda sitika ta rufe, launin yana nan sabo fil kamar ranar da aka fito da shi, siffar kowane harafi a bayyane. Wannan wurin shi ne ma'aunina, sauran jikin sai ya kamo shi.

Gugar ita ce uwar aikin, ita ce kuma take cin lokaci. Da samfefa mai jure ruwa ake yi, a jiƙa ta tukuna a bokiti mai ɗan sabulu, a naɗa ta a jikin soso mai tauri don kada yatsu su bar kwari a wurin. Lambar samfefa tana nuna laushinta, in lamba ta hau, yashin ya ƙara laushi. Inda koɗewar ta yi tsanani na fara da 800, sannan 1000, sannan 1500, na ƙare da 2000. Inda da sauƙi kuwa daga 1000 na tashi. Ba a tsallake lamba, domin aikin kowace shi ne ta share zanen da ta gabanta ta bari. Idan na goga da wannan a tsaye, sai in goga da mai bi mata a kwance, ta haka nake gane ko tsohon zanen ya fita. Ruwa ba ya yankewa a wurin, kuma ruwan da yake gangarowa shi ne yake ba da labari: da fari yana fitowa fari kamar tsala, in ya fara ɗaukar launin ɗorawa sosai, an iso ga lafiyayyen jiki, sai a sassauta hannu. Wani lokaci idan na dubi ruwan da nake malalarwa a kan abin wasa, nakan tuna layin jarkoki a bakin famfo a Damagaram cikin watan Afrilu da kuɗin da Inna take ba ƴan ga-ruwa, sai in rufe tiyo in koma ga bokiti da kwalbar feshi, waɗanda ma sun wadatar. Wurin haɗari shi ne kusurwoyi da bakin layuka, domin a nan jelkot ya fi siranta. Kamar yadda Baba yake kankarar bakin fatar akuya da aska kafin ya naɗe ta, in hannu ya zarce kaɗan ta huje, haka nan ma, in aka wuce gona da iri sai duhun zaren ya leƙo, kuma babu man da zai mayar da abin da aka cire. Saboda haka nakan manna salatif a kan kowace kusurwa, in bar ta sai ƙarshe, in bi ta da mafi laushin samfefa.

Akwai kuma raunuka da guga ba ta isa gare su. Ƙasan babur ɗin ya sha ja a kan yashi da tsakuwa, gefensa na dama kuma yana da ƴan tsage-tsage sirara inda ya taɓa bugun wani abu. Tsaga ba a shafe ta haka nan, sai an buɗe ta da ɗan injin haƙa ta yi baki mai faɗi, a goge da asiton, wani ruwa mai cire maiƙo, sannan a cika da sabon jelkot. Ana ɗiga masa wani ruwa mai sa shi daskarewa, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, kuma da zarar an gauraya, mintoci kaɗan ne suka rage kafin ya yi tauri a cikin kofin. A cika wurin ya ɗan yi tudu domin yana jan jiki, a rufe da leda, saboda in iska tana taɓa shi samansa ba ya bushewa, sai ya tsaya da danƙo. Wannan sashe sanyi ya ja mini shi, domin jelkot yana son ɗumi kamar digiri 20, a nan kuwa cikin Janairu ma'auni yakan sauka digiri 20 ƙasa da sifili. Ga shi warinsa ba ya barin a rufe ƙofa, kuma yana kama wuta, don haka ba a kunna masa murhu kusa. Na jira har yanayi ya sassauta. Daidaita launi ma sai da dabara: sai an goge kewayen wurin ya fito da ainihin launinsa sannan a haɗa, kuma duk da haka mai ido irin naka zai gane facin in ya matso. Abin rufe hanci da tabarau da safar hannu kuwa ba na wasa da su, ƙurar zaren gilashi ba abin shaƙa ba ce.

Bayan samfefa jikin yakan zama sumul amma ba ƙyalli. Sai a kawo injin gogewa mai juyawa da kan ulu, a sa man guga mai ɗan kaushi, a bi da mai laushi a kan soso, ba tare da an bar injin ya tsaya wuri ɗaya ba don kada zafi ya ƙona wurin. A ƙarshe a shafa kakin da yake kare rana. Wannan ka fi ni saninsa, ba sai na tsawaita ba.

Kujerar ce ta sa na fi jin kewar rumfar Baba. Tsohuwar rigarta ta tsattsage, ruwa ya shiga soson ciki. Na cire ƙusoshin maƙalewa ɗaya bayan ɗaya, na bar soson ya bushe sarai, na cike inda ya rududduge da guntun sabo, na rufe shi da leda siririya don kada ya sake shan ruwa. Ka faɗa wa Baba na so in yi amfani da jar fatarmu, amma fata ta gaske ba ta jure jiƙa da bushewa kullum a rana, dole sai fatar roba da aka yi domin jiragen ruwa. Hannun kuwa nasa ne na ara: a ɗumama ta ta yi laushi, a kafa tsakiyar gaba da tsakiyar baya tukuna, sannan a riƙa ja daga tsakiya zuwa gefe, dama da hagu bi da bi, har tattarar ta gudu ƙasa inda ido ba ya gani. Ƙusoshin dole su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, in ba haka ba kafin shekara sun ruɓe sun saki. Tabarmar roba ta wurin sa ƙafa ma na sake ta. Wahalarta duk a kankare tsohon gam take, manna sabuwa kuwa sau ɗaya ake yi, in ta zauna ta zauna.

Sitika na nemo irin na asalin ƙirar, domin akwai masu buga su har yanzu. Ban ga kyan abin da wasu suke yi ba na lulluɓe tsohon abu da zane-zanen zamani, kuma masu neman irin wannan babur galibi mutane ne da suka hau shi suna samari, kamanninsa na da suke nema. Ana fesa ruwan sabulu kaɗan a wurin kafin a ɗora, don a samu damar gyara zamanta, sannan a matse ruwan daga tsakiya. Lambar rajista kuma doka ce a nan ga duk abin hawan ruwa mai inji da ya kai ƙarfin doki 10, a rubuta ta a gefe biyu na gaba, tsawon haruffan kada ya gaza santimita 7.5, da launin da ya bambanta da na jikin.

Na ɗauki hoton kowane rauni kafin in cike shi, kuma zan nuna wa duk wanda ya zo saye, domin ƙyalli yana iya ɓoye abin da mai saye yake da haƙƙin sani, wannan kuwa abu ne da mutum zai hau ya shiga tsakiyar ruwa da shi. Ka gaya wa babban ɗanka, da ya ce in ajiye masa, cewa a ƙasar nan wanda bai kai shekara 16 ba ba ya tuƙa shi, kuma babba ma sai da katin shaida da rigar ceto.

Akwai abu ɗaya da nake ganin zai amfane ka a gareji. Fitilun gaba na motoci, waɗanda rana da ƙurar hunturu suke mayarwa rawaya har masu su je neman sababbi a kasuwar Dole, wannan gugar ta ruwa tana wanke su, in an bi da man guga da abin kare rana. Ka sa yaranka su fara gwadawa a kan fitilar da aka yar. Zan haɗo maka samfefa daga 800 zuwa 2000 da gwangwanin man guga ta hannun wani ɗan Zango da zai zo gida bayan Salla, ka sanar da ni in akwai wani abin da kake so in ƙara kafin ya tashi.

Ka miƙa gaisuwata ga Baba da Inna, su ci gaba da sa ni a addu'a. Ina gaida Gwaggo da matarka da yara, da maƙwabta duka. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ƙaninka