A Duba Makomar Dawakin Da Suka Gama Hidima

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan dawakin da ake kwasa daga kasuwanninmu ana kai su yanka, domin al'amarin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na lura ba kasafai ake tayar da zancensa ba.

Kwanakin baya na raka wani ɗan'uwana wata kasuwar dabbobi da ke kusa da iyakarmu da Nijar. A gefen da ake ɗaure dawaki na ga wani tsohon kili, haƙarƙarinsa duk a waje, a gadon bayansa akwai tabon da sirdi kan bari a jikin dokin da ya shekara da shekaru ana hawansa. Duk wanda ya taso a gidan da ake da barga ya san yadda mai sayen dokin hawa yake yi: zai buɗe baki ya duba haƙora don ya san shekaru, ya ɗaga ƙafa ya duba kofato, sannan ya sa yaro ya hau a yi 'yar kilisa ya ga tafiya. Mutumin da ya taya wannan kili bai yi ko ɗaya daga ciki ba. Cinyarsa kawai ya latsa, ya shafa ƙugunsa, ya ja baya ya ƙiyasta nauyi da ido, sai ya sa hannu a rigar dillali aka gama ciniki. Da aka zo shigar da shi mota tare da wasu dawakin da jakuna, ya turje a bakin ƙofa, aka yi ta zabga masa sanda har ya shiga. Dillalin ya gaya mini kudu za a kai su.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa dawakin da ke shigowa daga Nijar da Chadi, da waɗanda masu su suka gaji da ciyarwa a nan gida, wasunsu kan ƙare a kasuwanni irin ta Obollo-Afor a Jihar Enugu, inda ake yanka doki ana sayar da namansa a fili, bayan an bi da su ta Lafiya da Makurɗi a tsaye cikin mota, tafiyar da kan wuce yini guda.

Na san abin da mai karatu zai fara tambaya shi ne hukuncin addini. Malamai sun yi saɓani a kai tun zamanin magabata. Imam Malik ya tafi a kan cewa ba a cin doki, yana kafa hujja da aya ta 8 a Suratun Nahli, inda Allah Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna Ya ce domin a hau su ne kuma su zama ado, alhali kafin nan da Ya ambaci dabbobin ni'ima Ya faɗi cewa daga gare su ake ci. Wanda ya karanta Risala ko Muhtasar a zaure ya ga an jera doki tare da jaki da alfadari a cikin abin da ba a ci, kuma a kan haka ƙasar Hausa ta ginu. Imam Shafi'i da Imam Ahmad kuwa sun halatta, saboda hadisin Asma'u 'yar Abubakar da ta ce sun yanka doki sun ci a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da hadisin Jabir na ranar Khaibar da aka hana naman jakin gida aka yi rangwame a naman doki. Musulmin ƙasar Kazakistan ma suna cin doki har gobe, kuma babu mai ikon ce musu sun bar hanya. Ni ɗalibi ne, fatawa ta malamai ce. Haka nan maƙwabtanmu na kudu da ke cin doki a bisa al'adarsu ba su ne abin zargina ba, tunda abin da muka kai musu suke saye.

Inda nake da ja shi ne a kan abin da babu mazhabar da ta yarda da shi. Hadisin Shaddadu bin Ausi da ke cikin Sahihu Muslim ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har ya umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. To ina kyautatawa a cusa tsohon doki cikin mota babu ruwa babu harawa, ƙarfafa na harbin raunana, wanda ya faɗi a tattake shi? Likitocin dabbobi sun san cewa doki na buƙatar ya riƙa sunkuyar da kai ƙasa don hanyar numfashinsa ta washe, idan aka ɗaure kansa sama tsawon sa'o'i a mota sai ciwon huhu ya kama shi. Ga shi dabba ce mai saurin firgita, wadda ƙarar ƙarfe kaɗai kan sa jikinta ya ɗauki rawa. Ko a wurin wanda ya ɗauki fatawar halacci, wannan tafiya zalunci ce.

Sai kuma ha'inci. A watan Janairun 2013 hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar Ailan ta gano naman doki a cikin abincin da aka rubuta wa naman shanu, binciken ya bazu a Turai, har aka samu wasu kayan da namansu gaba ɗaya na doki ne. Abin da ya ƙara tayar da hankalin hukumomi a lokacin shi ne wani maganin kashe zafin ciwo da ake yawan yi wa dawaki, fenilbutazon, wanda aka hana bai wa dabbar da mutum zai ci saboda yana iya lalata ɓargon da ke samar da jini. Idan haka ta faru a ƙasashen da kowane doki ke da takardar shaida, me zai hana ta faru a inda dokin sukuwa ko na folo zai sha allurai iri-iri a rayuwarsa babu wanda ya rubuta ko guda? Nama kuwa idan ya bushe, ko ya sha yaji da ƙuli, sai gwanin mahauci ne zai iya bambance shi. Mutumin da ya taso a kan cewa doki ba abin ci ba ne yana da haƙƙin a gaya masa abin da ke cikin takardar da aka ƙunsa masa.

Duk da haka ba na goyon bayan a wayi gari kawai a ce an haramta, a naɗe hannu. Amurka ta gwada. A 2007 aka rufe mayankun dawaki uku da suka rage a ƙasar, biyu a Texas ɗaya a Illinois, sai aka koma lodin dubun-dubatar dawaki kowace shekara zuwa Meziko da Kanada, tafiyar ta ƙara nisa, wahalar ta ƙaru. Muddin akwai dokin da mai shi ba ya so, akwai motar da za ta ɗauke shi.

Saboda haka nake ganin tushen matsalar yana bargarmu. Doki kan kai shekara 25 zuwa 30 idan ya samu kulawa, amma ƙarfinsa na hawa yana ƙarewa tun kafin nan, kuma a shekarun da suka rage zai ci dawa da dusa da harawa da kanwa kamar yadda ya saba, a wannan zamani da buhun dawa ya gagari magidanci. Ba na raina wannan nauyi. Amma dokin da ya ɗauki mutum a Hawan Daushe shekara goma, aka yi masa kirari a kansa, aka ɗauki hotunan da ke rataye a falonsa, bai kamata a ci moriyar ganga a yada kwaurenta ba. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano a jerin al'adun duniya da ake taskancewa, muka yi ta murna, alhali rabin wannan al'ada doki ne. Kawuna, Allah Ya jiƙansa, ya riƙe wani akawal har idonsa ɗaya ya mutu, haƙoransa suka gaza, ana jiƙa masa dusa da ruwan ɗumi safe da yamma. Dillalai sun sha zuwa, bai taɓa bari an kwance shi daga turke ba.

Ina kira ga masu martaba sarakuna, waɗanda su ne iyayen wannan al'ada, da su sa Shamaki da sauran masu kula da barga su zauna da ƙungiyoyin mahaya da 'yan folo a fitar da tsari, ko da fili ne za a keɓe a bayan gari a riƙa tara tsofaffin dawaki, masu su na ba da abin ciyarwa daidai ƙarfinsu. Gwamnatocin jihohin da ke da manyan kasuwanni irin Maigatari da Mai'aduwa su sa likitan dabbobi a bakin wurin lodi, wanda zai hana a ɗora gurgu ko marar lafiya ko goɗiya mai ciki, ya ƙayyade adadin da mota za ta ɗauka, a kuma tilasta tsayawa a shayar da su a hanya. Sarakunan pawa su ma su sa ido a kan busasshen naman da ke shigowa kasuwa ba a san asalinsa ba.

Mun ga yadda cinikin fata ya yi wa jakuna, har Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta hana yanka su don fata a taronta na Addis Ababa a watan Fabrairun 2024, bayan jakin da talaka ke ɗebo ruwa da shi ya riga ya fi ƙarfin aljihunsa. Goɗiya wata 11 take ɗaukar ciki, ɗa guda take haifa, kuma sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin a ɗora masa sirdi. Ina roƙon jaridarku ta tura wakili ya bi ɗaya daga cikin motocin nan tun daga wurin lodi har inda za a sauke, ya rubuto wa jama'a abin da idonsa ya gani.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Gumel, Jihar Jigawa