Zuwa ga masu shigowa gidan gem ɗinmu

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu.

Ranar Asabar da daddare wasunku sun biya kuɗin awa guda, suka zauna, allo yana ta neman intanet har lokacinsu ya ƙare. Mun mayar musu da kuɗinsu. Mun kuma ji maganganun da aka yi a bakin ƙofa, kuma da gaskiyarku. Ku yi haƙuri.

Injin lafiyarsa ƙalau. Wasan ne aka ƙera shi ta yadda ba ya tashi sai ya haɗu da kwamfutocin kamfaninsa, ko da kai kaɗai za ka buga, ko da faifan yana ciki. Sabis ya yanke, wasa ya tsaya. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A ranar 31 ga Maris 2024 aka kashe kwamfutocin wasan tseren mota The Crew, wanda ya fito a 2014, duk mai faifansa ya wayi gari da abin da ba ya kunnuwa. Daga nan ne 'yan wasa a Turai da Amurka suka tayar da gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne rashin raba allo, wato mutane su buga tare a talabijin ɗaya. Da, mutum biyu ko huɗu kan zauna a benci ɗaya, kowa da hannunsa na buga wasa, wanda aka ci ya miƙa wa na baya, ana ihu ana tsokana. Yanzu wasanni da dama sun cire wannan, wai kowa ya nemi nasa injin da nasa asusun, ya buga da wanda bai taɓa gani ba. To mu da muke sayen fetur mu zuba a janareta, ga kuɗin data da aka ƙara a 2025, ina za mu kai wannan?

Saboda haka daga ranar Litinin duk wasan da ba ya tashi sai da intanet zai koma talabijin ɗaya, ta kusa da taga, kuma ba za mu fara ƙirga lokaci ba sai ya buɗe. Sauran talabijin ɗin na wasanni masu hannu biyu ne: PES 2021 da FC na ƙwallon ƙafa, Tekken da Mortal Kombat na faɗa. Kuɗin zama bai canza ba.

Gasar Juma'a tana nan bayan La'asar. Mai so ya rubuta sunansa a wajen yaron kanti kafin Alhamis.

Naku,
Masu gidan