Zuwa ga abokan cinikinmu, kan batun iyafis da adafta

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwanmu.

Magana ta iso kunnenmu, wai mun ɓoye iyafis mai igiya ne don mu tilasta wa jama'a sayen na Bluetooth mai tsada. Wallahi ta yi mana ciwo. Shekara 11 muna wannan shago a gefen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ba a taɓa jin mun matsa wa kowa kaya ba.

Ba mu muka toshe ramin iyafis ba. Apple ya cire shi a iPhone 7 a 2016, Samsung ya bi sahu a Galaxy Note 10 a 2019. Mai irin wannan waya sai dai ya haɗa da adafta ta kafar caji, kuma nan matsalar take. Adaftar USB-C, wato mai shiga kafar cajin sababbin wayoyi, iri biyu ce: akwai mai ɗan ƙaramin cif a ciki da ke sarrafa sauti, akwai wadda igiya ce zalla, ita kuma ba kowace waya take yi wa aiki ba. Mai cif muka biya kuɗinta, dilanmu na Legas ya loda mana marar cif, a kwali iri ɗaya. Sai da wani malaminmu na Tudun Wada ya dawo da tasa, muka jona a gabansa shiru, sannan muka gane. Ga tsadar dala tun 2023, ga kuɗin mota, shi kuma dilan kullum gobe.

Mu da kanmu mai igiya muka fi so. Ba ya neman caji ranar da aka ɗauke wuta, sauti ba ya makara a bayan hoto, kuma a wayoyi da dama na Tecno da Itel igiyar ce eriyar rediyon FM. Baban da ke sauraron labarai da asuba, me Bluetooth zai yi masa? Yana da ranarsa, musamman ga mai keke Napep da hannunsa ba ya zama, amma batirinsa na mutuwa, kuma kunne ɗaya ya ɓata an shiga uku.

Muna kan magana da wasu dilolin, in sha Allahu za a ga gyara. Wanda ya sayi adafta ba ta yi ba, ya zo da ita da wayar mu duba tare.

Hajiyarmu ta Unguwar Rimi da ke aiko jikokinta tun muna kan tebur, da Alhajin Kawo da bai taɓa neman ragi ba, Allah ya saka da alheri. Kwana biyu ba mu ga wasunku ba, mun kuma lura.

Naku,
Masu shago